Gwajin sinadaran garkuwar jiki da sankarar bakin mahaifa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na ji ana cewa akwai sinadaran da garkuwar jiki ke fitarwa, waɗanda idan aka auna su za a gane bakin mahaifa ya fara lalacewa tun kafin sankara ta kama. Ina jin nauyin gwajin da ake yi a asibiti. Ko in jira wannan sabon? Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki jira.

Sinadaran da kike nufi ana kiran su saitokin, wasu ƙananan furotin ne da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna saƙo da su. Kusan duk sankarar bakin mahaifa daga ƙwayar cutar HPV, wadda galibi ake ɗauka ta hanyar jima'i, take tasowa, nau'i na 16 da na 18 kuwa su ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100. Yawancin matan da suka kamu, jikinsu kan kawar da ita cikin shekara 2. A wajen wasu takan zauna, ta riƙa sauya ƙwayoyin bakin mahaifa sannu a hankali, har shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Masu bincike sun lura cewa idan lalacewar ta yi nisa, saitokin masu kwantar da garkuwa irin su IL-10 sukan ƙaru, masu zaburar da ita irin su intaferon-gama kuma sukan ja baya. Shi ya sa ake fatan wata rana su nuna wace mace ce take cikin haɗari.

Matsalar ita ce ba HPV kaɗai ke motsa su ba. Ciwon sanyi na mata, juna biyu, har kwanakin al'ada, duk suna sauya yawansu, sakamakon bincike kuma bai daidaita ba tukuna. A ganina, gina hukunci a kansu yanzu zai tayar da hankalin lafiyayyu, ya kuma kwantar da hankalin masu buƙatar magani.

Abin da aka tabbatar yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar gwajin HPV daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10, mai ɗauke da HIV kuma ta fara daga shekara 25. Inda babu gwajin HPV, ma'aikaciyar lafiya takan shafa ruwan khal a bakin mahaifa, cikin minti ɗaya wurin da ya lalace ya yi fari, kuma sau da yawa a ƙone shi nan take. Game da kunyar da kika ambata, kina da damar neman mace ta duba ki, a wasu wurare ma ke za ki ɗauki samfurin da kanki da ɗan tsinken auduga. Ki tuntuɓi sashen mata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Idan kuma kina da 'ya'ya mata 'yan shekara 9 zuwa 14, ki kai su rigakafin HPV da Najeriya ta fara a watan Oktoban 2023.