Shin ƙugiyar haƙoran roba tana cinye haƙoran da suka rage?

Tambaya: Likita, an cire mini haƙora biyu a ƙasa ta gefen hagu, amma akwai lafiyayyen turmi a bayan giɓin. An ba ni shawarar in sa haƙoran roba masu ƙugiya, waɗanda ake cirewa a mayar. Sai na ji ana cewa ƙugiyar tana cinye haƙorin da ta kama. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, ƙugiya ba ta cin haƙori. Dattin abinci da ke maƙalewa a ƙarƙashinta shi ne ke jawo kogo da ciwon dasashi. Kuma ka yi sa'a, tunda akwai haƙori gaba da bayan giɓin, su za su ɗauki nauyin tauna, dasashi ya huta.

Amma sai an yi aikin yadda ya kamata. Ka nemi mai ƙashin ƙarfe, wanda ake yi da haɗin kobal da kuromiyam. Abin da ya fi ƙugiyar muhimmanci ma shi ne wani ɗan harshen ƙarfe da ke zama a saman haƙorin da ke gefen giɓin. Likita zai fafe masa gurbi mai zurfin milimita 1 zuwa 1.5, yawanci ba sai an yi allura ba. Shi ke hana haƙoran robar nutsewa cikin dasashi idan ka tauna. Na roba zalla mai waya, wanda ba shi da wannan harshe, ya fi araha, sai dai a hankali yake danne dasashi har ya janye daga wuyan haƙori. Na wucin gadi ne, kada ka ɗauke shi na dindindin.

Kafin a ɗauki awon baki, a wanke haƙora, a cike kogo, a ɗauki hoton saiwar haƙoran da za su riƙe ƙugiya. Idan cirewar ba ta daɗe ba, a jira kamar wata biyu zuwa uku, domin ƙashi yana motsewa bayan cire haƙori. Wanda ya yi gaggawa, haƙoran robar za su yi masa sako-sako.

Ka riƙa cire su da dare ka jiƙa a ruwan sanyi. Kwana da su yana kawo kumburi da jan dasashi. Ruwan zafi yana lanƙwasa robar, bilic kuma yana cin ƙarfen. Ka wanke su da buroshi mai laushi da sabulu, a kan kwano mai ruwa saboda suɓucewa. Idan ƙugiya ta saki, kada ka matse ta da kanka, wannan ƙarfen karyewa yake yi. Kai wa likita ya gyara, kuma ka riƙa zuwa dubawa duk wata shida.