Amsa ga 'yar'uwar da za a yi wa mahaifinta tiyatar kansar hanji a Kumasi

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Kin ce an gano kansa a babban hanjinsa, za a yi masa aiki a asibitin Komfo Anokye, kuma dangi a ƙauyenku na wajen Bawku suna cewa irin wannan aiki 'yan birni ke tashi, na ƙauye ba sa kai labari. Kina so ki san ko gaskiya ne, da kuma ko a bar shi ya koma gida da zarar an sallame shi, tunda abin da yake so ke nan.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na yi aiki a asibitin gunduma a arewa kafin na dawo ɗakin masu tiyata nan Kumasi. Maganar danginku da ƙamshin gaskiya, sai dai ba a ɗakin tiyata matsalar take ba. Likitan da zai yi wa ɗan unguwar Aboabo ta nan Kumasi aiki shi zai yi wa Baba, da kaya iri ɗaya. Abin da ke raba su shi ne yadda suka iso asibiti, da inda suka kwana bayan sallama.

Mutumin ƙauye zai ga jini a bayan gida, a ce basir ne, a yi ta jiƙa masa sassaƙe wata da watanni. Na'urar leƙa hanji kuwa sai manyan garuruwa. Kafin ya iso ya rame, jininsa ya yi ƙasa, wani lokaci hanjin ya riga ya toshe, sai aikin gaggawa cikin dare. Aikin gaggawa ya fi wanda aka shirya haɗari nesa ba kusa ba. Tunda Baba rana aka ba shi, ku gode Allah, wannan matakin kun tsallake. Ku dage masa da abinci mai gina jiki, ku kuma shirya masu ba da jini tun yanzu.

Inda hankalina yake shi ne bayan sallama. Idan an yanke hanji an haɗa, mahaɗar na iya yoyo. Yawanci cikin makon farko yake bayyana, amma akwai wanda sai mutum ya koma gida. Alamunsa zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ciki ya kumbura, amai, ko ruwa mai wari daga wurin ɗinki. Wanda ke unguwar Asawase nan Kumasi zai hau pragya, wato babur mai ƙafa uku, kafin awa ɗaya yana gaban waɗanda suka buɗe cikinsa, fayil ɗinsa na hannunsu. Daga Bawku zuwa Kumasi ya haura kilomita 500. Za a fara da ɗakin shan magani na ƙauye, wato CHPS, a wuce asibitin gunduma, daga nan Bolga ko Tamale. Kuma a ƙasarmu duk zazzaɓi maleriya ake fara zargi, don ita aka fi gani kullum.

Akwai wani dattijo da aka dawo mana da shi haka. Ya matsa sai ya je ya ga geronsa. Da aka sauko da shi daga mota cikinsa ya ɗaure kamar ganga, leɓɓansa sun bushe, ɗansa na riƙe da ledar maganin maleriya da aka ba su a hanya. Takardar sallamar da ke bayanin aikin da aka yi masa tana can gida, an adana ta cikin akwati don kada ta ɓata. An sake shiga da shi tiyata, ya rayu, amma ya daɗe a kwance, kuma lokacin da ya kamata ya fara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ya wuce shi.

Kemon nan shi ne wurin da muke rasa mutanen ƙauye da yawa. Abin da aka cire za a kai ɗakin gwaji, sakamakon yakan ɗauki makonni. Idan cutar ta taɓa kaluluwar da ke kewaye da hanji, ana so a fara kemo cikin mako 6 zuwa 8 da yin aiki, a yi wata 3 zuwa 6, duk bayan mako biyu ko uku. Mutum ya ji sauƙi, damina ta kama, kuɗin mota na mutum biyu ya gagara, sai a ce ai an cire ciwon. Bayan shekara ɗaya ko biyu a dawo da shi cutar ta kama hanta. Ga kuma kuɗi: katin inshorar lafiya na NHIS an san shi da ɗaukar kansar nono da ta bakin mahaifa da wasu na yara, don haka ki je ofishin walwala na asibitin ki tambayi abin da zai hau kanku, dangi su fara haɗa gudummawa kafin a kai ga ranar.

Idan an fitar masa da hanji ta gefen ciki, ledar da ake mannawa don tara bayan gida wuyar samu gare ta a ƙauye. Na ga masu ɗaura ledar kasuwa har fata ta saluɓe. Ku saya da yawa nan, ki koyi canza ta da hannunki kafin sallama. Kada kuma ya bar salla saboda ita. Ku tambayi malami, hukuncin mai lalura daban ne. Dattawa da yawa wannan ya fi ciwon damunsu, sai dai ba sa faɗa.

Shawarata, ki riƙe shi a Kumasi har sakamakon gwaji ya fito, likitoci su faɗi abin da ya rage. In ɗakinki ya yi kaɗan, ki yi magana da mai unguwa ko liman, Zango ba ta rasa masaukin baƙo. In za a yi kemo, ki tambaya ko za a iya mayar da shi Tamale don ya fi kusa da gida. Ki ɗauki hoton takardar sallama da lambar fayil a wayarki, ki tura wa duk wanda zai zauna da shi.

Baba kuwa ba zai ji maganarki a kan wannan ba, kin san iyayenmu. Ki sa ƙaninsa ko amininsa ya faɗa masa, kuma a nuna masa wanda zai riƙe gonar da dabbobin kafin a shiga da shi aiki.