Aminan mahaifina bayan rasuwarsa: akwai haƙƙinsu a kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, ya rasu shekara biyu da suka wuce. Yana da aminai uku da suke cin tuwon dare tare a zauren gidanmu tun ina yaro, amma tun da aka tashi daga zaman makoki ban taka gidan ko ɗayansu ba, domin ganinsu yana fama mini mikin rashinsa. Yayata kuma tana cewa yawan ambatonsa da nake yi ƙarancin tawakkali ne. Ina neman ƙarin haske. Daga wani ɗan'uwa a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya kyautata namu zuwan.

Bari in fara da maganar yayarka, domin ita ce ta fi sauƙi. Begen mamaci da zubar masa da hawaye ba sa warware tawakkali. Lokacin da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu yana ƙarami, Annabi ya yi hawaye, ya ce ido yana zubar da ƙwalla, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufa da kalaman ƙin hukuncin Allah. Kwana 3 da aka iyakance wa makoki, da wata 4 da kwana 10 na takabar matar aure, hukunci ne da ya shafi barin ado da makamantansa, babu inda ya wajabta wa mutum ya daina ambaton wanda ya rasa.

Nana Khadija ta rasu kimanin shekara 3 kafin hijira, amma Nana A'isha, wadda ba ta taɓa zama da ita ba, ta ce ba ta yi kishin wata mata kamar yadda ta yi kishinta ba, saboda yawan ambatonta da Annabi yake yi. Ta ƙara da cewa yakan yanka akuya, ya yanyanka naman, ya aika wa ƙawayen Khadija. Ka lura da cewa begen nasa bai tsaya a baki ba, ya bi sawun mutanen da take ƙauna har gidajensu.

Game da aminan uba kuwa, Imam Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani mutumin ƙauye a hanyar Makka, sai ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin da ke kansa. Abokan tafiyarsa suka yi mamaki, suka ce ai mutanen ƙauye abu kaɗan ya ishe su. Sai ya ce mahaifin wannan mutum masoyin Umar ne, kuma ya ji Manzon Allah yana cewa mafificiyar biyayya ita ce ɗa ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. Ɗan abokin ne ma ya samu wannan karamci, balle a ce abokin da kansa.

A ganina, ɗan'uwa, naka rashin kaɗai kake lissafawa. Dattijon da ya shafe shekaru yana sa hannu a akushi ɗaya da mahaifinka shi ma ya yi rashi, kuma mai yiwuwa ya ɗauka 'ya'yan amininsa sun yar da shi ne, kunya da kawaici suka hana shi aikowa. Akwai kuma wani dalili da ba a cika kawowa ba. Cinikin Kwari yawancinsa a kan amana yake tafiya, a ɗauki dilar atamfa ko shadda da baki, a biya bayan an sayar, kuma sau da yawa aminan mutum sun fi iyalinsa sanin wanda yake binsa bashi da alkawarin da ya ɗauka bai cika ba. Tunda ya zo a hadisi cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa, tambayarsu wannan batu tana gaba da duk wata sadakar arba'in, wadda malamai ma suka yi saɓani a kanta.

Ka fara da babbansu. Ka je ranar Juma'a bayan la'asar, ka durƙusa ka gaishe shi da Baba kamar yadda ka saba, ka riƙe ɗan turare ko goro a hannunka, idan azumi ya gabato kuma ka sa gidansa cikin gidajen da kake kai wa gero da sukari. In kana da yaron da ya ci sunan marigayin, Abba ko Halifa, ka tafi da shi. Zuwan farko zai yi nauyi, wataƙila ku yi hawaye ku biyu, kuma babu laifi a cikin hakan. Idan ya fara ba ka labarin ƙuruciyarsu, ka bar shi ya kai ƙarshe ko da an kira magariba, ku yi sallar tare sannan ka yi masa sallama.