An Yi wa Mahaifina Aiki a Indiya, Likita a Gida Ya Ƙi Rubuta Masa Maganin Ciwo

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Yau mako uku ke nan da aka yi wa mahaifina aikin canza gwiwa a Delhi. Da za a sallame mu an ba shi Ultracet na kwana goma tare da wasu magunguna. Mun dawo Kano, maganin ya ƙare, ga shi ciwo ya hana shi barci. Na kai takardar likitan Indiya wani babban kantin magani, suka ce ba za su ba ni da ita ba. Likitan da muka gani a unguwa kuma ya ce ba zai rubuta ba sai likitan ƙashi ya duba shi. Wani abokina da ke karatu a can ya ce zai sayo ya ba matafiyi ya kawo mana. In bari ya aiko?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Sannunku da jinya, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kada ka bari a aiko. Yau ɗin nan ka kira abokin naka ka ce ya bar maganar.

Ultracet ɗin da aka ba Baba haɗi ne na abu biyu: kowace ƙwaya tana ɗauke da tiramadol miligiram 37.5 da farasitamol miligiram 325. Tiramadol ɗin shi ne abin da mutanenmu ke kira tiramol, kuma da jin wannan sunan ka san inda matsalar take. Tun 2018 Indiya ta saka shi ƙarƙashin dokarta ta miyagun ƙwayoyi ta 1985. A nan gida kuwa jami'an NDLEA da na kwastam suna nan a filin jirgi, kuma tiramadol daga Indiya yana cikin abin da suka fi sa wa ido. Matafiyin da aka samu da shi a jaka, sunan da ke takardar ba nasa ba, ba zai iya wanke kansa da cewa saƙo aka ba shi ba. A 2017 wata Baturiyar Ingila ta shiga Masar da ƙwayoyin tiramadol kusan 300, ta ce ta kawo wa mai ciwon baya ne, kotu ta yanke mata shekara uku. Kada neman sauƙin Baba ya jefa ɗan wani kurkuku.

Game da mai kantin magani, a kan daidai yake. Takardar likita tana da ƙarfi ne a ƙasar da likitan yake da rajista. Mai harhaɗa magunguna a Najeriya yana amsa wa hukumarsu ta PCN, kuma in ya fitar da irin wannan magani yana son takardar likitan da ke da rajista da majalisar likitoci ta MDCN, wanda za a iya nema a tambaya in wani abu ya faru. Ban da haka, takardar da ke hannunka ta kwana goma ce, an riga an ba da maganinta a Delhi. Ta gama aikinta.

Na san yadda wannan tsauri yake da ciwo ga wanda ke kallon mahaifinsa yana juyi cikin dare. Amma ka tuna abin da ya kawo shi. Binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramadol da kodin suke sha ba da izinin likita ba. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. NAFDAC kuma miligiram 50 da 100 kaɗai ta amince da su na tiramadol. Waɗanda ake sayarwa a ɓoye masu 200 ko 225 duk haramtattu ne. Mu da ke Kano mun ga abin da ya yi wa samari da matan aure. Abin da ke damuna shi ne, masu ciwon gaske su ma tsaurin yana shafarsu, har wasu likitoci suna jin tsoron rubuta maganin da ya dace. Wannan kuskure ne, domin wanda aka yi wa aiki yana da haƙƙin a rage masa raɗaɗi.

Sai dai likitan unguwarku ban ga laifinsa ba, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Ciwon gwiwa bayan irin wannan aiki yakan ɗauki makonni, musamman da dare da kuma bayan gashi. Amma ya kamata ya riƙa raguwa a hankali. Idan a mako na uku ƙaruwa yake yi, tambayar farko ita ce me ya sa, kafin a zo ga wane magani. Ƙwayoyin cuta kan iya shiga wurin aikin. Jini kan iya daskarewa a jijiyar ƙafa, kuma wanda aka yi wa aikin gwiwa sannan ya zauna awanni a jirgi yana cikin waɗanda suka fi fuskantar wannan haɗari. Magani mai ƙarfi zai lulluɓe alamun ne kawai, cutar tana ci a ƙarƙashi.

Akwai kuma abu na uku da iyalai ba su cika sani ba. Wanda ya sha tiramadol kullum na kwanaki, aka tsayar da shi lokaci guda, yakan ji rashin barci, gumi, hamma, ciwon jiki, rashin sukuni, wani lokaci da gudawa. Jiki ne ya saba, ba wai Baba ya zama ɗan ƙwaya ba, kuma babu abin kunya a ciki. Shi ya sa ake janye shi kaɗan-kaɗan. Mai yiwuwa wani ɓangare na rashin barcin nasa daga nan yake, kuma likita zai gane in ka faɗa masa ranar da ya sha ƙwayar ƙarshe.

Don haka ka kai shi wurin likitan ƙashi cikin kwana ɗaya ko biyu. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, akwai na Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ka tafi da takardar sallama, da bayanin aikin da aka yi da irin ƙarfen da aka saka, da hotunan ƙashi, da kwalayen duk magungunan har da waɗanda suka ƙare. In wata takarda ta ɓace, ka rubuta wa ofishin marasa lafiya 'yan ƙasashen waje na asibitin da ya yi aikin, su turo maka ta imel. Likitan da ya ga waɗannan, ya taɓa gwiwar da hannunsa, yana da ikon rubuta tiramadol ko abin da ya fi shi in ya ga buƙata, na 'yan kwanaki, kuma kantin da ya mayar da kai zai karɓi tasa takardar.

Kafin nan, farasitamol yana taimakawa fiye da yadda ake zato in ana shan sa a kan lokaci, ba sai ciwo ya tsananta ba. Babba mai lafiyar hanta ba ya wuce giram 4 a yini, dattijo ko mai ƙaramin jiki ƙasa da haka. Ka duba kwalayen da kyau, don magunguna da yawa suna da farasitamol a ciki, sai a ninka ba a sani ba. Ibuprofen da diclofenac kuwa kada ka ba shi da kanka. Galibi bayan aikin gwiwa ana ba da maganin tsinka jini, haɗa su na iya jawo zubar jini a ciki, ga kuma illarsu ga mai olsa, ciwon ƙoda ko hawan jini. Ƙanƙara a naɗe cikin tawul na minti 15 zuwa 20, da ɗaga ƙafar, suna rage kumburi. Kada ya daina motsa gwiwar yadda aka koya masa, domin gwiwar da ta sandare ciwonta ya fi. Kuma don Allah kada kowa ya sayo masa ƙwaya a kasuwa ko wurin masu talla, ba ka san abin da ke cikinta ba, ga shi tiramadol in ya yi yawa yana jawo jijjiga da sarƙewar numfashi.

In akwai shirin komawa don ɗaya gwiwar, ku samu likitan da zai karɓe shi a gida tun kafin ku tashi. Maganin da za ku dawo da shi ya kasance cikin kwalinsa na asali, a hannun Baba, da wasiƙar likita mai ɗauke da sunansa kamar yadda yake a fasfo, da sunan maganin da yawansa. In za ku sauka a Dubai, Daular Larabawa tana buƙatar a nemi izini ta intanet tun kafin a shiga da irin waɗannan magunguna.

Kada ka jira ranar ganin likita idan Baba ya yi zazzaɓi, ko wurin ɗinkin ya yi ja yana fitar da ruwa ko mugunya, ko sharaɓarsa ta kumbura tana zafi, ko ya kasa taka ƙafar da yake takawa a da. In kuwa numfashinsa ya fara sama-sama ko ya ji ciwon ƙirji, ku nufi sashen gaggawa nan take, ko da tsakar dare ne.