Ya daina shaye-shaye, mu bar shi ya riƙa zama da waɗanda suka daina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ɗana ne na fari, shekararsa 19. Kodin da tiramadol suka kusa raba mu da shi, sai da muka kai shi cibiyar masu daina shaye-shaye ya yi wata uku. Alhamdu lillahi ya dawo cikin hayyacinsa, har ya yi ƙiba. Da za a sallame shi, ma'aikacin da ke kula da shi ya ce lallai ya riƙa zuwa wani zama da waɗanda suka daina suke yi duk mako. Mahaifinsa ya ce sam, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ba zai ciro yaro daga cikin 'yan ƙwaya ya sake mayar da shi cikinsu ba. Mun karɓe wayarsa, ba ya fita sai da rakiyar ƙanin babansa. Yanzu a ɗaki yake wuni, ba ya kula kowa, abu kaɗan sai faɗa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wa za mu bi?
Daga wata uwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba ku ladan ɗawainiya. Ba zan yi miki kwana-kwana ba: ku bar shi ya je.

Maigidanki yana da gaskiya idan tsofaffin abokansa ake nufi, waɗanda har gobe suna sha. Waɗannan kam a raba shi da su, da lambobinsu, da wurin da suke taruwa. Ganin wurin kaɗai, ko jin muryar wanda suka saba sha tare, yakan tayar wa mutum da ƙishin abin ko da ya yi watanni bai taɓa ba. To amma ki duba me ya rage masa bayan an cire su. Duk tsawon lokacin da yake sha, su ne abokan hirarsa, su ke jiransa da yamma, da su yake dariya. An ɗauke su, an ɗauke waya, ba a sa komai a gurbin ba. Kaɗaici da zaman banza suna cikin manyan abubuwan da ke mayar da mai murmurewa gidan jiya, kuma su biyun kuka haɗa masa a ɗaki guda.

Aikina ya sa na sha zama a irin wannan taro. Kujeru ne a zagaye, babu mai wa'azi, babu mai tsawa. Kowa ya ga dama ya yi magana, wanda bai shirya ba ya saurara. Akwai wani saurayi da na ji yana ba da labarin yadda sha'awar ta taso masa da tsakar dare, har ya sa takalmi zai fita nema. Ba wanda ya zaro ido, sai gyaɗa kai kawai, don duk sun san wannan daren. Ya ce a bakin ƙofa ya kira wanda ke kama masa hannu, wani da ya riga shi dainawa da shekaru. Mutumin ya ce ya zauna ya cire takalmin tukuna, sannan ya ja shi da hirar ƙwallo har abin ya lafa. Haka sha'awar take, takan taso da ƙarfi ta kuma kwanta, idan an samu abin da zai riƙe mutum na ɗan lokacin.

Yanzu ki ƙaddara ɗanki ne ya zo ya faɗa miki wannan magana. Ke kwana za ki yi kina kuka, babansa kuma ya ƙara kwaɗo a ƙofa. Shi ma ya san haka, shi ya sa ba zai faɗa ba. Ba laifinki ba ne, uwa ce ke. Amma dole ya samu inda zai furta irin wannan ba tare da gida ya hargitse ba.

Wannan hanya ta daɗe. A 1935, a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, wani ɗan kasuwa mai suna Bill Wilson da bai daɗe da barin giya ba ya ji yana neman komawa. Sai ya shiga neman wani mashayin da zai yi wa magana, aka haɗa shi da likita Bob Smith. Abin lura, don ya tsirar da kansa ya nemi mutumin, kuma daga haɗuwarsu ƙungiyar masu daina shan giya ta Alcoholics Anonymous ta samo asali. A 1953 aka kafa Narcotics Anonymous a Kalifoniya domin masu shan ƙwaya, yau tana da tarurruka a ƙasashe fiye da ɗari. A 2020 cibiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara bincike 27 da ya shafi mutum fiye da 10,000 masu matsalar giya, ta gano cewa shirye-shiryen da ke haɗa mutum da irin waɗannan tarurruka sun kai sauran hanyoyin ba da shawara, wajen daina sha kwata-kwata ma sun fi su. Ni abin da ya fi burge ni a taron da na zauna shi ne ranar da aka zo da sabon shiga, aka ce wa wanda ya yi wata shida ya kula da shi. Yaron da kowa ke kallo a matsayin matsala ya wayi gari wani yana dogara da shi. Babu nasihar da ke ɗaga mutum kamar wannan.

Ga kuma shekarunsa. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako da danne son rai, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. A wannan tsakanin maganar tsara ta fi ta iyaye shiga kunne, ko mun so ko mun ƙi. Tunda dole zai bi wasu, gara a zaɓa masa waɗanda suka sa gaba inda kuke so ya nufa.

Ban ce kowane taro ba. Ku tambayi ma'aikacin nan wa ke jagorantarsa, kuma ko akwai waɗanda suka shekara biyu ko uku da dainawa a ciki. Samari uku da aka sallama tare suna haɗuwa su kaɗai, wannan ni ma ba zan yarda ba. Taron kirki ba ya sa wa mutum kuɗin shiga, abin da aka faɗa a ciki ba ya fita, ba duka ba ɗauri, kuma ba mai ce masa ya ajiye maganin da likita ya rubuta. Ganin likitansa yana nan daram, taron ƙari ne a kai.

Akwai maganar da ba ta da daɗin ji, amma gara ki sani tun yanzu. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan sake taɓawa. Idan hakan ta faru, ba a koma farko ba, gyaran magani ake yi a ci gaba. Haɗarin yana nan: jikin da ya yi watanni ba kodin ya manta da juriyar da ya saba, adadin da yake sha a da yana iya tsayar masa da numfashi yanzu. Tiramadol kuma yakan jawo farfaɗiya. In kika same shi cikin barcin da ba ya tashi, numfashi sama-sama, leɓe ya canza launi, asibiti kai tsaye, kada a tsaya yayyafa ruwa. Ki tambayi likitansa game da naloxone, maganin da ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi cikin mintuna. Yaron da ke da abokan murmurewa yakan faɗa musu da wuri idan ya zame, wanda aka kulle kuwa sai an tsince shi.

Maigidanki kuma kada ki ja da shi a gaban yaron. Ki roƙe shi ya kai shi da kansa, ya jira shi, ya dawo da shi. Wasu tarurrukan suna da ranar da 'yan'uwa ke shiga su saurara, ya shiga ya ga fuskokin mutanen da yake tsoro. Waya kuma a mayar masa da sabon layi, lambar mai kama masa hannu ta zama ta farko a ciki. Sannan a nema masa abin da zai fitar da shi da safe, karatu ko koyon sana'a, tun kafin watan nan ya ƙare.