Taransistan nan bai ƙone ba, na jamaniyam ne

Ka tambaye ni me ya sa taransistan da ka ciro daga tsohuwar rediyon nan yake nuna volt 0.2 a mita, alhali 0.6 ka saba gani, ko ya ƙone ne. Ɗana, kada ka yar da shi, lafiyarsa ƙalau. Da sinadarin jamaniyam aka ƙera shi, haka halinsa yake. Na silikon ne mai nuna 0.6 zuwa 0.7.

Da jamaniyam aka fara. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu soja na neman ƙananan dayod, masu barin wuta ta wuce ta hanya ɗaya kawai, don na'urar hango jiragen sama, sai masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka duƙufa kan tace jamaniyam. Shi ya sa da John Bardeen da Walter Brattain suka tashi haɗa taransista na farko a ɗakin binciken Bell, a Disambar 1947, shi suka tarar a hannu. Ɗakin kuwa na kamfanin tarho ne, kuma bawul, kwalbar gilashin da ke ƙara ƙarfin sigina kafin zuwan taransista, ya ishe su: ga cin wuta, ga zafi, ga yawan mutuwa. A 1951 Western Electric, masana'antar kamfanin tarhon, ta fara ƙera taransista a garin Allentown na Amurka, kayan tarho da na soja suka fara morarsa. A 1954 Bell ya haɗa wa sojan saman Amurka kwamfutar TRADIC mai taransista wajen 700. A shekarar ne kuma rediyon aljihu Regency TR-1 ta fito, da taransista 4 kacal.

Inda taransistan jamaniyam ya gaza shi ne zafi. Yana ɗumi sai wuta ta fara yoyo a cikinsa, yoyon ya ƙara masa zafi, har ya lalace. Soja ba su iya zama da wannan a cikin jirgi, don haka da Gordon Teal ya fito da na silikon a kamfanin Texas Instruments a 1954, suka saya duk da tsadarsa.

Gwada da kanka. Sa mita a ma'aunin om, ka ɗora ta tsakanin kolekta da emita, wato biyu daga cikin ƙafafunsa uku, ka matse jikinsa da yatsu biyu, za ka ga allura na tafiya a hankali. Ɗumin hannunka kawai ke nan, balle na dalma. In za ka mayar da shi, kama ƙafarsa da filaya ta shanye zafin, kuma ka yi sauri. Yawancinsu nau'in PNP ne, wanda haɗin batirinsa kishiyar na NPN ne, don haka ka lura da kan batir. In kuwa wata rana dole ta sa ka musanya shi da na silikon, sai ka canja resistan bes, wato na ƙafarsa ta uku, in ba haka ba murya za ta fito a shaƙe.