Tambaya da Amsa: Me ya sa gwanayen wasan ces (chess) ke saurin musayar sarauniya a buɗin Balin?

Tambaya: Malam, ina bibiyar gasannin manyan 'yan ces, kuma sau da yawa kafin a yi motsi goma sai in ga an kwashe sarauniyoyi, sarkin baƙi yana tsaye a tsakiya. Wannan ba ganganci ba ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ba ganganci ba ne. Buɗin Balin (Berlin) ka gani, wato wani salon fara wasa, reshe ne na buɗin da ake kira Ruy Lopez. A rubutun wasa N doki ne, B bishop, R hasumiya, Q sarauniya, K sarki, motsin da ba shi da babban harafi na dakare ne, x ci ne, + hari ne kan sarki, 0-0 kuwa shigar sarki kusurwa. Ga yadda yake tafiya: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bb5 Nf6 4.0-0 Nxe4 5.d4 Nd6 6.Bxc6 dxc6 7.dxe5 Nf5 8.Qxd8+ Kxd8.

A ido, fari ne da riba. Dakarunsa huɗu ne a ɓangaren sarki, na baƙi uku. Baƙi kuwa dakarunsa biyu sun hau layin c ɗaya, sarkinsa ya rasa damar shiga kusurwa. To amma da babu sarauniya, wa zai farauci sarkin? Sannan baƙi yana da bishop biyu, kuma na fararen gidaje ba shi da kishiya, domin fari ya bayar da nasa a c6. Dakaren e5 ma ya wuce gaba da wuri, ya bar f5 da d5 a buɗe. Shi ya sa baƙi kan tura h5, don kada g4 ya kori dokinsa.

Da wannan Vladimir Kramnik ya tare Garry Kasparov a Landan a 2000. Sau huɗu aka buga shi, duka canjaras, Kramnik ya karɓe kambun duniya da maki 8½ da 6½.

Inda baƙi ke faɗuwa shi ne yawan musaya. Idan aka rage sarakuna da dakaru kaɗai, huɗun fari za su fitar da dakaren da ba mai tsayar da shi, huɗun baƙi masu goyon juna kuwa ba za su keta uku ba. Ka riƙe bishop ɗinka.

Akwai kuma tarko idan fari ya zaɓi 5.Re1 Nd6 6.Nxe5. Kada kwaɗayi ya ja ka zuwa 6...Nxb5, domin 7.Nxc6+ zai buɗe wa hasumiya layin sarki, dokin kuma yana kan sarauniyarka. Toshe layin da 6...Be7 tukuna.